Lamba Goma Sha Bakwai

A Mukono, bisa jar ƙasar tudu,
inda ayaba ke shanya ganye kamar wanki,
kakata Nabbosa na da gauta iri tara.
Ba ta taɓa ƙirga su ba.
Ni na ƙirga, don aikina ke nan.

Ga ntula fara, mai siffar ƙwan kaza,
ga koriya da aka ja wa zane har gindi,
ga nakati, wadda ba a jiran 'ya'yanta,
ganyenta ake yanka tun yana ɗanye shar.
Can jikin shinge kuma katunkuma,
ƙanana kamar idon tsuntsu,
ɗacinsu kan sa ƙato ya kira sunan uwarsa.

Na zo da jakunkunan takarda da alƙalami,
na tsinka, na ƙulle, na sa wa kowace lamba.
Ta ce, "Nakalembe, yau gauta za ta makaranta?"
Na ce, "Gwaji za a yi mata."
Ta ce, "Shekara sittin ina gwada ta a tukunya."

A ɗakin bincike mun busar, mun niƙa,
mun ƙona har ganye ya koma toka fara,
toka ta shiga kwalba, kwalba ta shiga na'ura,
na'ura ta yi ta gunaguni har la'asar.
Malam Ssekitoleko ya gyara gilashinsa:
'ya'yan ruwa ne galibinsu, da harza mai share ciki,
ganyen ya fi su abin gina ƙashi,
ya fi su ƙarfen da jini ke nema.
Mun san haka tun kafin mu kunna wuta.

Abin da ba mu sani ba, lamba goma sha bakwai.
Gajera ce, ganyenta kaushi, tsutsa ta yi mata ƙofofi,
ko a kasuwar Nakasero ba mai taya ta.
Sau uku muka sake awo.
Sau uku ta tsere wa sabon irin da muka haɗa,
ɗan ruwa biyu, mai sheƙi, abin alfaharinmu,
wanda muka yi damina huɗu muna ɗaura wa iyayensa aure
da tsinke da auduga, fure bayan fure.

Na hau babur na koma da takarda a hannu.
Na same ta tana ɓare matoke, wuƙa na baƙi.
Na karanta mata lambobi, tana ji, ba ta ɗago ba.
"Wacce?" Na nuna.
"Wannan ai Nanteza ce.
Ƙanwata ta zo da ita daga tsibirin Ssese
a ƙulle cikin haɓar zane, shekarar da tafki ya ci gonaki.
Duk macen da ta haihu a gidan nan ita ta ci.
Nanteza ta tafi, gautarta ta ƙi tafiya."

Sabon irin namu ma ta shuka, ba ta raina kyauta.
Ya yi 'ya'ya har reshe ya durƙusa.
Ta ɗebi ƙwayarsa ta adana bisa murhu, yadda ta saba,
da damina ta dawo ta watsa,
sai ga jikoki kowa da fuskarsa:
wani dogo, wani ƙwarya, wani ya ɗauko ɗacin kakan kaka.
Ta yi dariya har ta dafa ƙugu.
"Irin naku bai san gidansu ba."

Daren nan ta dafa nakati da gyaɗa.
Na ci, ɗaci ya zauna a bayan harshe,
na sha ruwa, ruwan ya yi zaƙi.

Da safe na buɗe babban littafin ofis.
Gurbin suna ɗan ƙarami ne, an yi shi don lamba.
Na matse haruffa har suka shiga.